Direba a Kujerar Shugaba

Shekarar da aka zaɓe ni shugaban ƙungiyar ci gaban unguwarmu a Arkilla, hukuma ta aiko cewa kowace ƙungiya ta kawo jerin shugabanninta da aikin da kowannensu ya yi a rayuwa. Sakatarenmu tsohon hedimasta ne, saboda haka abin nema ya samu. Ya ɗauko rula ya ja layuka, ya fara da ni. Da ya zo gurbin sana'a sai ya tsaya da biro a sama, ya tambaye ni ko ya rubuta jami'in sufuri. Na ce ya rubuta direba. Ya ce takardar nan fa gaban manya za ta. Na ce masa manyan nan babu wanda ban taɓa buɗe wa ƙofar mota ba, in suka ga jami'in sufuri dariya kawai za su yi. Ya rubuta direba, amma da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, sai ka sa tabarau za ka gani.

Mu biyar ne a kwamitin, duk aikin sa kai muke yi, kuma kowa da tsohuwar sana'arsa yake zuwa taro. Muna zama ranar Asabar bayan la'asar a gindin dogonyaron ƙofar gidan hedimasta. Kafin a fara sai ya kira suna ɗaya bayan ɗaya, alhali ga mu nan yana kallonmu, ba mu fi yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya makara ba ya ce masa komai, agogo yake duba, ya dube shi, ya sake duba agogo. Na taɓa ba shi wata takarda da na rubuta da hannuna, ya dawo mini da ita ta sha jan biro, har da "ka ƙara ƙoƙari" a ƙasa.

Mataimakina mahauci ne, shi kaɗai ne cikinmu bai ajiye aiki ba. Tun yana saurayi yake harkar shanu da nama. In ya dube ka sai ka ji kamar yana ƙiyasta nauyinka ne. Ba shi da haƙurin dogon zance, a wurinsa kowace matsala tana da gaɓa, in an samo gaɓar sara ɗaya ya wadatar. Sai Hajiya, ungozomar asibiti mai ritaya, wadda ke riƙe da ɓangaren mata. Rabin matasan unguwar a hannunta suka faɗo duniya, saboda haka babu mai ja da ita. In wani ya ɗaga mata murya sai ta tuna masa yadda ya yi ta tsala kuka ranar da aka haife shi, nan take maganar ta mutu.

Na biyar shi ne Maigida. Babban sakatare ne a wata ma'aikatar gwamnati kafin ya yi ritaya, ni kuwa na tuƙa shi shekara goma sha tara. Albarkacinsa ma na samu filin da na yi gida a layinsu. Lokacin da aka zaɓe ni bai shigo ƙungiyar ba tukuna. Zaɓen nawa ma ba wani abin alfahari ba ne: hedimasta da Hajiya kowa ya ƙi bar wa ɗan'uwansa, mahauci ba shi da lokaci, ni kuma babu ofishin da ban san maigadinsa da masinjansa ba a garin Sakkwato. Ina cikin shugabancina lafiya lau, sai Maigida ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, ya ce a sa shi a kwamiti a matsayin mamba.

Daga ranar na rasa sukuni. Kujerar shugaba ita kaɗai ce mai hannu cikin fararen kujerun robarmu, amma da zarar na hango babbar rigarsa ya shawo kwana, sai in ga kaina a tsaye ban san lokacin da na miƙe ba. Mahauci ya sha jawo bakin rigata yana zaunar da ni. In Maigida ya ajiye makullin mota a kan tebur, hannuna sai ya kama ƙaiƙayi. Shi ma ba daɗin abin yake ji ba. Shekara goma sha tara da ƙeyata yake magana, ni kuma ina amsawa idona a kan titi. Yanzu an zaunar da mu fuska da fuska, sai ya zama in zai yi mini magana hulata yake kallo, ni kuma ina kallon takalminsa.

Da an bar mu haka da mun lallaɓa. Damina ce ta tona mana asiri. A bara ruwa ya shiga gida huɗu a gangaren layinmu, cikinsu har da na Hajiya, ya jiƙa mata katifu da buhun shinkafar da 'yan'uwanta suka aiko mata daga ƙauye. Babu wanda bai san dalili ba. Akwai lambatu da ke ɗauke ruwan layin, to a daidai ƙofar gidan Maigida an zuba wani tudun siminti a kansa don mota ta riƙa shiga, aka bar wa ruwa ɗan siririn bututu a ƙasa. Leda biyu ta isa ta toshe shi. In ya toshe sai ruwan ya hau titi ya gangara gidajen mutane.

Abin da 'yan kwamiti ba su sani ba shi ne, tudun nan aikina ne. Shekarun baya, kullum na zo shiga da mota sai cikinta ya kartu da bakin lambatun, in ji kartar har cikin haƙorina. Na dami Maigida da zancen salansar motar, wato bututun hayaƙinta, har ya gaji ya kira magini. Maginin ya so ya bar wa ruwa babbar kafa, ni na tsaya a kansa na ce ya cike, bututu ya isa. A lokacin gidajen gangaren ba a gina su ba, kuma gaskiya ko da an gina, motar ce a gabana.

Da zafi ya tsananta, aka fara ganin gajimare ta gabas, sai maganar ta taso a taro. Kowa ya ɗauko ta ta hanyar sana'arsa. Hedimasta ya rubuta wasiƙa zuwa ga "duk wanda abin ya shafa", ya gyara ta sau uku, ya kasa miƙawa. Mahauci ya ce yana da guduma a gida. Maigida ya gyara zama ya ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai yi nazarin yadda ruwa ke tafiya a unguwar baki ɗaya, ya kawo rahoto. Duk suka juyo suna kallona. Na yi gyaran murya, na ɗago kai, idona ya faɗa cikin nasa, sai na ji bakina yana cewa lalle bana ana shan zafi. Maigida ya ce ƙwarai kuwa. Mahauci ya yi wata dariya ta hanci, hedimasta kuma ya tambaya ko ya sa wannan a cikin bayanin taro.

Da aka tashi Hajiya ta tare ni a bakin hanya, ba ta ko rage murya ba.

"Ciyaman, ruwa ba su jiran kunyakka. Bara har uwaɗɗaka sunka iske ni. In ba ka iya hwaɗa mai, tashi ka ba mu kujera."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Kujerar nan ta roba ce, amma ita ce wuri na farko a rayuwata da aka ba ni don ni, ba don wanda nake ɗauke da shi ba, kuma ban so in sauka daga kanta da sunan matsoraci. Kwana biyu ina juya abin a raina. Can sai na tuna cewa ai na sha faɗa wa Maigida gaskiya mai ɗaci. Ni na gaya masa wani abokinsa cin amanarsa yake yi. Ni na ce masa ya je ya duba ƙanwarsa da suka yi shekara ba sa magana. Amma duk a mota na faɗa, hannuna a kan sitiyari, ba na ganin fuskarsa.

Ranar Asabar da hantsi akwai ɗaurin auren da zai je a Ƙofar Dundaye. Tun da ya yi ritaya da kansa yake tuƙi, tuƙin da in na gani nake kawar da kai. Na je na ce masa lungunan can sun yi matsi, wurin ajiye mota zai yi wuya, bari in kai shi. Bai yi musu ba, ya miƙo makulli ya buɗe baya ya shige kamar jiya muka rabu. Na fito da motar ta kan tudun, ta sauka sumul ko girgiza babu. Sai da na ji wani iri a raina, don aikin ya yi kyau.

Na bari sai da muka hau babban titi, na saka giya ta uku, na kafa idona a bayan wani keke mai ƙafa uku ɗauke da mata.

"Ranka shi daɗe, tudun ga na ƙohwar gida shi yat toshe ruwa. Sai an hwasa shi. Kuma ni nas sa anka yi shi haka."

Na saci kallon madubi, na ga yana gyara hula.

"Na sani," ya ce. "Ina tsaye kac ce ma magini shi cike. Wagga magana taka, shawara ta ko umurni?"

Na riƙe sitiyari da kyau na ce umurni ne.

"To a rubuto. Shekara talatin ban taɓa motsa ko tubali ba sai da takarda daga bisa. Ni mamba na. Tun bara nike jiran shugaba shi yi magana."

Saura kaɗan in hau bayan keken nan. Wato duk watannin da na yi ina kame-kame, shi yana zaune ne yana jiran takarda. Ƙaramin kwamitin ma da ya kawo, daga baya ya gaya mini haka ake yi a ofis in na sama ya ƙi yanke hukunci, don kada a ce an zauna ba a yi komai ba.

Da yamma hedimasta ya rubuta wasiƙar, wannan karon da wanda za a kai wa a samanta. Na sa hannu. Ya so ya gyara mini sa hannun, na hana shi. Maigida ya karɓa a gaban kowa, ya karanta har ƙasa, ya ciro koren bironsa ya rubuta a gefe cewa an gani, a aiwatar ba tare da ɓata lokaci ba. Washegari da safe mahauci ya zo da gudumarsa. Sai da ya zagaya tudun sau biyu yana ƙwanƙwasawa yana saurare, sannan ya zaɓi wuri. Bai yi sara goma ba simintin ya rabe gida biyu. Abin da muka ciro daga bututun ba ya faɗuwa, har da takalmin da Hajiya ta ce nata ne.

Mai walda ya shimfiɗa ƙarafuna a wurin, ruwa na wucewa ta ƙasa. Ruwan farko da aka yi mai ƙarfi, da rana tsaka, na fito da lema na tarar da Hajiya a ƙofar gidanta tana kallon lambatu yana gudu cike da ruwa, titi kuwa ba abin da ya hau shi. Ba ta yi mini godiya ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi naƙudar ta daɗe amma an sauka lafiya.

Sai dai ƙarafunan sun ɗan yi ƙasa da bakin ƙofar. Kullum da safe ina daga gidana nake jin cikin motar Maigida yana kartuwa, in runtse ido. A taro na gaba, da aka zo ƙarshe, sai ya ɗaga hannu yana neman izini. Na ba shi. Ya ce yana da ƙorafi a kan salansa. Na ce wannan ba maganar kwamiti ba ce, maganar direba ce, ya same ni bayan an tashi. Hedimasta ya rubuta har da wannan.

Muka taka zuwa gidansa. Na yi masa bayani cewa a karkace ake shiga, taya ɗaya ta hau kafin ɗayar, kada ya tunkari ƙofar kai tsaye. Ya ce in shiga in nuna masa yana tuƙi. Na kama ƙofar gaba zan buɗe, sai ya dakatar da ni, ya zagayo ya buɗe ta baya ya riƙe.

"Shugaba baya shika zama," ya ce.

Na shiga. Motar nan na wanke ta ba adadi, na san kowane ɗinki na kujerar bayan, amma ban taɓa zama a kanta ba. Ya ja da baya, ya karya kan motar yadda na ce, yana leƙe ta saman sitiyari. A lokacin ne na ga ƙeyarsa. Ta rame, fatar ta yi laushi ta tattare, furfura ta fito ta ƙarƙashin hula. Tausayinsa da ƙaunarsa suka taso mini lokaci ɗaya, har na manta da aikin da ya kawo ni. Motar ta kartu da ƙarfi.

Ya tsaya, bai juyo ba, ya tambaya ko ya sake gwadawa. Na share idona da hannun riga na ce ya sake, a hankali, ya ƙara karyawa hagu.