Gwaggo Asama'u Mai Tace Kaki

Da an idar da sallar asuba a Unguwar Maƙera, gabas da Ɗanbatta, Gwaggo Asama'u kan ɗora kaskonta bisa garwashi. Kakin zuma take narkarwa, wanda ake fitar da siffar munduwa da shi, a lulluɓe da yumɓu, a gasa ya tsiyaye, a zuba azurfa a gurbinsa. Ba ta bari ya tafasa, ba ta motsa shi. Tacewa take da tsumma, ta jira ya huce. Tun zamanin Sarki Dabo take wannan aiki, amma maƙeri ake yabo, abin da ke ba ni haushi ke nan.

Abokiyar gabarta kumfa ce. Iska kamar ƙwayar gero, in ta ɓuya a fatar kaki, yumɓu zai danna ya shige, munduwa ta fito da rami cike da laka. Mai kaya kuwa ba ruwansa da iska, cewa zai yi an saci azurfarsa.

Haka ta faru da Sabo maƙeri, ɗan ƙaninta, lokacin da ta kwanta jinya. Dagaci ya ce in aka kuma, Sabo ya bar garin. Bana sai ya aiko da azurfar matarsa, ya ce a gama munduwa kafin ranar kasuwa. Sabo ya ga lokaci ya ƙure, ya tafasa kaki da kansa. Basiru, manzon dagaci, yana tsaye ana shirin shafa yumɓu, Gwaggo ta shigo ta ce a miƙo mata siffar.

Idonta ya yi rauni, don haka a leɓenta ta goga kakin, tana juyawa a hankali. Ta tsaya. Sai ta dunƙule shi a tafinta.

"Gwaggo, kin kashe ni," in ji Sabo. "Jibi fa kasuwa."

"Tafasa shi ka yi. Na ji ƙuraje uku."

Basiru ya ce, "To, Inna, me zan gaya wa maigida?"

"Ka ce tsohuwa ce ta ɓata. In kora ce, ni za a kora."

Ta sake narkarwa, Sabo ya sake siffa. Kasuwa ta ci ta watse, yumɓu bai bushe ba. Washegari dagaci ya zo da kansa, fuska a murtuke, ya ce a zuba, a fasa a gabansa. Yumɓu ya riga ya bushe, aka gasa, aka zuba azurfa, Sabo ya fasa. Munduwa ta fito sumul, ko tabo babu. Dagaci ya juya ta, ya ce, "Sabo, ashe ka iya." Gwaggo tana gefe tana kankare kasko.

Gwaggo, kakar nan kin kife kaskon, ƙarfi ya ƙare. Ke ce kika tsare wa Sabo gida da mutunci, mun gani da idonmu. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu tasowa, ku koyi jiran kaki ya huce. In kun ga munduwa mai sulɓi a hannun matan yankin nan, ku ambaci sunan Asama'u.