Ranar da Na Shanya Gilasan Likita a Rana

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da na shanya gilasan wata likita a rana.

Ni marini ne, ɗan marini. Da ruwan madatsar Tiga ya cinye garinmu har da marinarmu, sai na samu aikin shara wurin wasu masu binciken zazzaɓi da suka sauka kusa da madatsar. Shugabarsu wata likita ce marar yawan magana. Sukan shafa jini a ɗan gilashi, su ɗiga masa wani rini ruwan lemo, su rufe a akwati.

Lokacin 'yata ta fari ta kwana shida jikinta kamar garwashi, an duba jininta a asibiti an ce ba a ga komai ba. Na roƙi likitar, ta ɗebi jinin ranar da za su tashi. Ina shara na buɗe akwatin, na tarar da gilasan a jiƙe cikin duhu. Wane irin mai rini ne zai bar aikinsa haka? Na kwashe su na jera a dakali rana tana dukansu, ina ta jin kaina gwani.

Da ta fito ta gani, ta ɗaga ɗaya daga cikinsu ta duba. Can ta ce, "Malam, wannan rinin rana kashe shi take yi. Na 'yarka ma yana ciki."

Direba ya riga ya ɗaure kaya, amma ta sa aka sauke janareta da madubin duba jini, ta bi ni gida a ƙafa ta sake ɗibar jinin yarinyar. Da muka dawo ta rufe tagogi, ta ce in leƙa madubin. Na ga ɗigo-ɗigo kore shar suna haske cikin baƙi. Ta ce rinin yakan kutsa cikin wani zaren halitta da ake kira DNA. In ya zauna a nan sai ya yi kore, in a gefe ne ya yi ja. Jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da zaren, don haka hasken da ke cikinsu na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne.

Ta ba da magani, kwana uku yarinya ta nemi tuwo. Har yau ina saka baiwar Allahn nan a addu'a, ko garinsu ban sani ba. Tun ranar, duk yadda aikin wani ya yi kama da nawa, sai na tambaya kafin in sa hannu, don gwanintata ta kusa sa ni haƙa wa 'yata kabari.