Hanyar Ƙarfen da Baba Mai Goro Ya Jira

Ban rubuta komai a lokacin da abin ya faru ba, kuma shekaru sun ja, don haka mai yiwuwa na haɗa wata rana da wata, ko na sa maganar wani a bakin wani. Abin da nake da tabbaci a kai kaɗan ne, sauran kuwa zan faɗa yadda ya zauna mini a kai.

A ƙarshen zamanin Faransawa ne, ƙasar tana amsa sunan Ubangi-Shari. Na dawo daga Barazabil da takardar kammala makarantar horon akawuna, na samu aiki a wani kamfanin Turawa da ke bakin kogi. Kullum da safe nakan hau keke daga unguwarmu ta Kilomita Biyar in gangara cikin garin Bangui, in dawo bayan azahar. A unguwa ɗan lakwal, wato ɗan boko, ake ce mini, kuma ba yabo ba ne. Wani Bature da zai koma gida ya bar akwatin littattafai a ofis, ya ce a zubar. Na roƙa aka ba ni, na ɗaure shi a bayan keke na kai shagon kawuna, yayan mahaifiyata, mai sayar da atamfa a sari a cikin kasuwa.

Ban san wanda ya fara cewa in karanta ba. Ina jin tela ne, wani mutumin unguwar Miskin da ke da keken ɗinki a ƙofar shagon. Ko ma wane ne, abin ya zama al'ada. Bayan la'asar sai a jawo benci bayan bandir-bandir na atamfa, in karanta shafi a zuci da Faransanci, in juya musu da Hausa. Inda Hausar ta ƙare mini in cike da Sango, yaren gari, Kawu ya harare ni ya gyara. Masu zama kullum huɗu ne: Kawu, da tela, da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Kamaru in yana gari, da wani tsoho mai sayar da goro daga unguwar Yakite, wanda kowa ke ce wa Baba.

Kowa da irin nasa. Tela ya fi son littattafan da ke da aljanu da dodanni da kogin da ke gudu zuwa sama. Direba ba ya son komai sai inji, kuma yakan tare ni a tsakiyar magana ya tambayi wane irin mai jirgin yake sha, in na ce ba a faɗa ba ya ce marubucin bai san aikinsa ba. Kawu kuwa nasa su ne tsofaffin littattafan nan masu kauri, na gidajen Turawa da rabon gado da cin amanar zumunci. Yakan ce a nan ne ake ganin munju, wato Bature, ba hular kwano, har ya fi mu rashin zumunci. Tela yakan tsokane shi ya ce a littattafan nasa sai an yi sati uku kafin mutum ya gama gaishe da mace. Kawu ya ce wanda ya yi shekara talatin yana kallon ramin allura dole ya ga aljanu. Direba ya ce su duka biyun ba su da labari, tun da babu abin da ke tashi da hayaƙi a nasu.

Musu suke yi sosai, amma a kan halin mutanen ciki, ko a kan cewa marubucin ya ƙara gishiri, yadda fatake ke yi in sun dawo daga nesa. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce mutanen nan babu su ba. A wurinsu littafi abu ne da malami ke rubutawa, kuma babu mai hankalin da zai ɓata tawada da takarda, har a ɗinke a yi bango, a kan abin da bai faru ba. Ni na san ƙagaggu ne, an koya mana a lakwal. Nakan ce wa kaina ai su ma sun sani. Gaskiyar da ta fi wannan, in ban zalunci kaina ba, ita ce a kan bencin nan ne aka fara ce mini malam, ban kuwa so a daina ba.

Baba ba ya cikin masu musu. Yakan zauna ya miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa, ido a rufe kamar mai gyangyaɗi. Labarinsa kowa ya sani. Tun kafin a haife ni ya baro ƙasar Katsina da niyyar Makka, matarsa ta kwanta ciwo a hanya, ya sauka, ya kama sana'ar goro, shekaru suka cinye shi a Bangui. A shekarar da nake magana ne ya samu gurbi a ayarin maniyyata da zai tashi a mota bayan damina, ta garuruwan Lami da Abashe na Chadi zuwa Sudan. An yi masa lamba, takardunsa sun fito. Tafiyar watanni ce, wasu ma shekara, kuma kowa ya san in wannan ta wuce shi da wuya gwiwoyin su jira wata.

Littafin da ya jawo abin na direba ne. An rubuta shi kamar rahoton injiniya, da ranaku da awo, a kan wata hanyar ƙarfe da aka ɗora bisa dogayen ginshiƙai, ta ratsa Afirka daga tekun yamma har Bahar Maliya, ɗakuna suna zamewa a kanta, mutum ya shiga yau ya sauka gobe. Tsohon littafi ne, marubucin ya hango wata shekara can gaba ya sa labarinsa a ciki, sai ga shi shekarar ta kusa riskarmu. Ga kuma jita-jitar da ake yi a gari a lokacin cewa Faransawa za su ja reluwe zuwa Chadi, direba ma ya ce ya ga masu awo a daji. A tsakiyar littafin akwai taswira.

Ranar da na nuna taswirar Baba ya buɗe ido ya ce a miƙo masa. Ya bi layin da yatsa har inda ya gifta kusa da gwiwar wani kogi.

"Nan ne mu?"

"Kusa da nan, Baba."

"Yaushe aka ce za a gama?"

Na karanta masa shekarar. Ya lissafa da yatsu ya ce baɗi waccan ke nan. Na ce haka ne. Ya miƙo mini littafin ya sake rufe ido. Wannan "haka ne" ɗin na sha juya ta a raina. Ban yi ƙarya a lissafin ba, amma na san abin da yake tambaya.

Bayan kamar sati uku, ranar Talata ina jin, direba ya tare ni a bakin kasuwa ya ce ko na ji Baba ya je wurin madugun ayari ya ajiye gurbinsa. Wai ya ce wanda ya jira shekara talatin ba zai kasa jiran biyu ba, ya shiga ɗaki a zaune ya sauka a bakin teku. Direba yana faɗa yana yaba wayon tsohon. Ya ce madugu ya yi ta lallashinsa, daga ƙarshe ya ce zai riƙe masa gurbin zuwa Juma'a, in bai dawo ba a ba wani. Sai da na jingina keken da wani tebur.

Na yi kwana biyu ina neman yadda zan gaya wa Baba shi kaɗai, ban samu ba, ko kuma ban nema da gaske ba. Ran Alhamis bayan la'asar aka jawo benci, aka miƙo mini littafin, na riƙe shi a rufe.

Na ce, "Baba, hanyar nan babu ita. Ba a fara ta ba, ba kuma za a gama ta ba. Wanda ya rubuta littafin zama ya yi a ɗakinsa ya ƙago."

"Taswirar fa?"

"Ita ma zanawa ya yi."

Direba ya karɓi littafin yana jujjuyawa kamar wanda aka sayar wa jabun taya. Kawu ya tambaye ni a hankali ko wannan ne kaɗai, ko har da sauran. Na ce duka ne. Ya ce har da matar nan da ƙannen mijinta suka cinye mata gado? Na ce har da ita. Fuskarsa ta sauya, don duk mun ji shi yana tsine wa mutanen nan, kuma daga baya ya gaya mini ya sa ta a addu'a ba sau ɗaya ba, duk da ba Musulma ba ce. Ya ce, "Kai yanzu ɗan nan, matar da ba a haifa ba ka sa na roƙa wa Allah sakayya?"

Tela ne ya kira abin da sunansa. Ya ajiye almakashi ya ce, "Wato tatsuniya." Ya duba waje, rana tana nan a kan rumfunan kasuwa. "Tatsuniya, da rana, mu da gemunmu, shekara biyu."

Na ɗauka kunya ce kawai za ta dame su, a ce dattawa sun zauna sauraren abin mata da yara. Ban tuna da camfin ba sai da na ga idon direba. Duk an gaya mana tun muna ƙanana cewa ba a tatsuniya da rana, mai yi da mai ji ɓata suke yi a hanya. Direba ya fara dariya, sai ya tuna bara ya saki hanya bayan garin Buwar ya kwana biyu a daji, hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa, dariyar ta tsaya. Kawu ya ce wannan camfin tsofaffin mata ne, Musulmi bai kamata ya kula ba, amma muryarsa ba irin wadda yake ciniki da ita ba ce.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Da ka buɗe da ga ta nan ga ta nanku, da na tashi na ba ku wuri. Yanzu hanyar ƙarfe babu, ta ƙasa kuma ka sa mini tatsuniyar rana a kunne. Da wace ƙafa zan shiga jejin Sudan?"

Na ga gurbin nan yana kuɓucewa a karo na biyu, duk ta dalilina. Na fara yi masa bayani irin na lakwal, cewa babu abin da ya haɗa labari da ɓatan hanya. Bai ko dube ni ba.

Tela ya ce kakarsa in yara sun matsa mata da rana, takan tsige gashin idonta guda kafin ta fara, shi ke nan an ɗaure abin. Direba ya ce ai kafin a fara ne, mu kuwa mun gama. Tela ya ce sallah ma ana ramuwa. Kawu ya ce ya kiyaye bakinsa. Aka koma musun ko guda ɗaya ya isa, Baba ya ce kowane littafi da nasa, kuma na mai ba da labarin ne, ba na masu ji ba. Suka shiga tuno littattafan, wannan ya ce na dodon nan, wancan ya ce na jirgin nan, ni ina ƙirgawa. Muka tsaya a sha ɗaya.

Kawu ya ce shi babu hannunsa, ya juya baya yana gyara atamfar da ba ta buƙatar gyara. Ni da takardata ta Barazabil, wanda bai yarda da abin ba ko kaɗan, ko kuma haka nake zato, na zauna na tsige gashin idona sha ɗaya, shida a dama biyar a hagu, hawaye na zuba. Babu wanda ya yi dariya, har tela. Baba ya tara tafin hannu ina sa masa, ya ƙirga, ya naɗe su a ganyen goro ya sa a aljihu. Sannan ya ce in rufe yadda ake rufewa. Na ce ƙurunƙus. Ya ce a miƙo masa sandarsa, direba ya raka shi gidan madugu tun kafin magariba.

Karatu ya tsaya wajen wata guda. Kawu ne da kansa ya ce in ɗauko na matar nan mu ji ko ta samu haƙƙinta, ko da babu ita. Daga nan kullum sai na buɗe da ga ta nan, tela ya amsa, ni kuma in tsige guda.

Ayarin ya tashi da Baba a gaba kusa da direbansu saboda gwiwa. Saƙon gaisuwarsa ya zo daga Abashe, daga nan shiru. Bayan shekaru wani alhaji ya ce ya gan shi a Makka yana ɗawafi a kan kujera. Wani kuma ya rantse cewa a wani ƙauyen Sudan ya gan shi, ya rabu da ayari, yana sayar da goro a bakin gonar auduga. Ban san wanda zan gaskata ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, da na zo kwashe akwatin daga shagon bayan rasuwar Kawu, na tarar da wani siririn littafi mai koren bango, na wani tsibiri da ke yawo a kan teku. Na tuna na karanta musu shi a kwana biyu ko uku, amma na kasa tuna ko Baba yana kan benci a lokacin, ko kuma mun sa shi a ƙirga. Idan akwai wanda ya zauna a shagon nan, ko ya ji daga bakin tela ko direba, ko yana cikin ayarin, ina roƙonsa ya aiko ya gyara mini duk inda na kauce, musamman ya gaya mini ko sha ɗaya ne ko sha biyu, da kuma inda aka yi wa Baba gani na ƙarshe.