Kujerar Roba a Ƙarshen Sahu

Ni fa ban san na yi ƙiba ba. Abin da na sani, Allah ya buɗa mini a harkar masara, jiki kuma ya nuna. A Funtua in ka ajiye tumbi ba mai ce maka ka yi ƙiba, sai dai ka ji, "Alhaji, hutu ya karɓe ka!" Ni kuma in shafa ciki in ce alhamdu lillahi.

Ana nan sai sujada ta gagare ni. In na duƙa, ciki ya tokare, gwiwa ta ɗauki zogi, numfashi ya tsaya. Aka samo mini kujerar roba aka ajiye a ƙarshen sahu, kusa da wani dattijo sa'an mahaifina. Shi tsufa ya zaunar da shi, ni kuwa tuwo. Wallahi abin nan ya ci mini rai. Ba abin da nake so a duniya irin in ji goshina a ƙasa.

Likita bai rufe ni ba: a rage tuwo, a bar lemon kwalba da shayi mai kauri, a riƙa tafiya a ƙasa kullum. Maiɗakina ta karɓi zancen abinci da hannu biyu, har ya so ya yi yawa. Tulin tuwona ya koma malmala guda, ga kwaɗon zogale cike da kwano. Na yi fushi, na yi ƙorafi, ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Tafiyar ce ta zo da rigima. Na fito bayan asuba na kama hanyar Maska, ban yi nisa ba wani ɗan acaɓa ya ci burki a gabana.

"Subhanallahi! Alhaji, mota ce ta lalace? Hau in kai ka."

Na ce masa motsa jiki nake yi.

"Haba Alhaji! Ina raye ka taka ƙasa? Ai sai a zage ni."

Na rabu da shi da ƙyar, wani ya tsaya. Na sallami wannan, ga mai a-kori-kura yana buɗe mini ƙofa. Har da wanda ya haɗa ni da Allah, kunya ta sa na hau, ya dire ni a ƙofar gidan da na baro! Ga maƙwabcina, wani Bayerabe haifaffen garin, kullum yana gudunsa da gajeren wando, ba mai ce masa uffan. Ni kaɗai aka hana sakat.

Maiɗakina ta yi dariya har da hawaye, sannan ta shiga sito ta fito da fartanya. Ta ce, "Saɓa wannan. Ka taɓa ganin an tare mai fartanya an ce ina za shi?"

Kai, matar nan! Washegari ba wanda ya tsaya, sai dai "Barka da aiki, Alhaji!" daga nesa. Na taka har gonata. Da na isa kuma na ga ai wauta ce in koma da fartanya tsaf ba ƙasa a bakinta, sai na sunkuya na ɗan taɓa noma. Gumi ya karyo mini irin wanda rabona da shi tun ina saurayi. Kafin masara ta yi goyo, wando ya fara zamewa, tela ya rage mini riguna, na daina haki in na hau tudu. Daɗi kamar in yi tsalle.

Ashe gari ya ɗauka. Wasu suka ce Alhaji ya karye, ga shi yana noma da kansa. Wasu suka ce ciwo ne ake ɓoyewa. Maganar ta kai Maska, kunnen mahaifiyata. Sai ga Inna a kan babur, da ƙwaryar fura da kwalbar man shanu. Tana ganina ta fashe da kuka.

"Wa ya mayar mini da kai haka?" Ta juya kan maiɗakina. "Ke, abinci ne ba kya ba shi?"

Baiwar Allah ta sunkuyar da kai. Na yi bayani, Inna ta ce ba ta san wannan ba. Muna cikin haka aka kira la'asar, ruwa kuma ya tsuge, dole na yi salla a gida. Aka kawo mini kujera yadda aka saba. Gaskiya tsoro ne ya hana ni gwada sujada a masallaci, kada in duƙa in kasa tashi a gaban jama'a. Ran nan dai na ture ta gefe na ta da kabbara.

Na yi ruku'u. Na tafi ƙasa, gwiwa ta karɓe ni. Goshina ya sauka a kan tabarma, na ji ƙamshin kaba, na ji sanyin ƙasa. Allahu Akbar! Hawaye suka zubo mini, na daɗe ban ɗago ba. Da na tashi kuma, ban dafa bango ba.

Na sallame na juyo. Inna tana zaune, hannu a baki. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki man shanun ta miƙa wa maiɗakina.

"Ungo, ki ba yara. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Ta nuna kujerar da haɓa. "Wannan kuma a ɗaura mini a bayan babur. Ni ce tsohuwa."