Goron Albishir Daga Mista Ray

Jiya ina tsaka da soya albasa sai ga Mista Ray, maƙwabcinmu a nan Glenwood, riƙe da ambulan, yana so in karanta masa. An yi masa aikin ido, ba ya iya karatu tukuna.

Tsohon soja ne. Tun yana matashi aka sallame shi saboda an gano namiji ɗan'uwansa yake so, kuma aka rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar sallamarsa. Duk inda ya je neman aiki sai an karanta. Bara ya ɗaukaka ƙara gaban hukumar soja a goge masa wannan dalili, ga amsa ta iso.

Na karanta a zuci, na ninke takardar, na ce, "Albishirinka!"

Ya ce, "Hajiya, me ke nan? Sun ƙi ne?"

Na ce, "Mu a wajenmu ba a ba da labari mai daɗi haka kawai. Sai ka ba ni goro."

Ya ce, "Mai daɗi kika ce?"

Kafin in amsa, dattijon nan ya zauna a bakin ƙofa, yana dariya yana share hawaye. Sun goge dalilin, sun mayar masa da sallamar girmamawa. Albasata kuwa ta ƙone ƙurmus.

Yau da safe na tarar da kwandon tumatir daga lambunsa. Wai goro ke nan.

Mu maƙwabtansa mun daɗe da sanin mutumin kirki ne, takarda ce kawai ta makara. Ku fa, wane goron albishir kuka taɓa karɓa da ya kai tumatir ɗina?