Wasan Da Na Yi Wa Lawali

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Lawali, kuma duk shekara nakan ɗauki biro in ajiye. Bana matarsa Saratu ta ba ni izini in faɗi abin da muka daɗe muna rufewa: ɗan gwaggona ya rasu ne bayan ya daina shan maganin cutar ƙanjamau, kuma bakina yana cikin abin da ya sa ya daina.

Lawali taubashina ne. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan yake nufi. Tun muna yara a Bilbis nake kiransa bawana, shi kuma ya ce ni ya saya da kwanon dawo. Tsakaninmu babu maganar da ta yi nauyi, kuma abin kunya ne ɗaya ya yi fushi. Ni na yi boko na sami aikin gwamnati a Gusau, shi ya zauna ga noma da cinikin hatsi.

Akwai shekarar da ya rame har wuyansa ya fito. Aka ce shawara ce, aka ce sammu. Daga nan sai ya fara zuwa Gusau a kai a kai, wai duba farashin gero yake yi. Yakan sauka gidana ya ci tuwo, ya tsokani matata, ya fice shi kaɗai. Cikin watanni ya murmure, kumatu suka dawo. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa mai sayen gero ba ya komawa da buhu ba. Ashe magani yake karɓa. Akwai wurin karɓa a Tsafe, kusa da gida, amma can kowa ya san kowa, shi ya sa yake wuce shi.

Ranar wani suna a Kwatarkwashi, bayan azahar, mun zauna da dangi a gindin bedi ana ta raha. Ni kuma Allah ya yi ni da son a yi dariya a kan maganata. Na dubi Lawali na ce, "Wagga ƙiba taka ta Gusau ce. Ko dai kai ma layin bayan asibiti kake bi?"

Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya san layin masu karɓar maganin ƙanjamau nake nufi. Wallahi ban san komai ba, iska kawai na harba. Shi ma ya yi dariya, ya rama da cewa gara shi da ni da albashi ya kasa cikowa. Ba shi da wata hanya. Da wani ne ya faɗa, da ya ɓata rai an ba shi haƙuri, magana ta mutu. Amma daga bakin taubashi ta fito, don haka ta zama ta kowa. Duk ranar da ya tsaya a tasha, sai wani ya tambaye shi ko layi za shi. Su ma wasa suke yi.

Sai ya daina zuwa. Na aika masa cewa ko ya ƙi tuwona ne, ya aiko cewa hanya ce ta lalace, mutum ba ya fita sai dole. Na yarda, don gaskiya ce a lokacin. Ya koma ga jiƙe-jiƙe. Damina biyu bai kai ba. Bayan sadakar bakwai Saratu ta kira ni zaure ta gaya mini komai, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yi kuka, ta roƙe shi, ya ce ya fi son ya mutu da sunansa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu a rediyo ana faɗa da Hausa tsantsa cewa mai shan magani kan ƙa'ida yana rayuwa kamar kowa, yana aure, yana haihuwar lafiyayyu. Magani kyauta ne, kuma akan ba mutum na watanni a tafi ɗaya. Zai ga Saratu, wadda ita ma tana ɗauke da cutar, tana soya ƙuli-ƙuli da ƙarfinta, 'ya'yansu uku kuma an gwada su lafiya lau. Amma zai ga har gobe ana ware wa mutum kofi, ana juye ƙwayoyi a leda don kada a gane robar, ana irin wasan nan nawa a majalisa. Ina jin tsoro a duk dariya irin wannan akwai mutum ɗaya da yake yin ta don dole.

Abin da ya rage na Lawali ba shi da yawa: gona, yara, da macen da ta fi mu duka ƙarfin zuciya. A Tsafe take karɓar maganinta, ido na ganin ido. Watan jiya na je na durƙusa na nemi gafararta. Ta ce wanda ya kamata in roƙa ba ya nan, amma akwai waɗanda ta sani sun daina zuwa saboda kunya, kuma suna da rai.

"In da gaske kake, Malam," in ji ta, "taho ka zamna kusa da ni bisa benci ranar karɓa. Da babbar rigarka. Mutane su gan ka."

Ranar karɓarta Talata ce mai zuwa, kuma na ce mata zan zo. Tun da na faɗa ban sami natsuwa ba. Na kama kaina ina lissafin waɗanda suka san ni a Tsafe, da abin da za su ce in sun gan ni a wurin.