Hanyar Bayan Dutse

Sharhabilu malamin lissafi ne a wata sakandare a Safana, kuma in ya yarda da abu sai dai ka gaji ka ƙyale shi. Abin da ya yarda da shi kuwa shi ne manhajar kyauta, wadda kowa ke da ikon buɗewa ya gyara ya raba wa jama'a. Duk Asabar yakan tara mutum bakwai ko takwas a shagon cajin waya na Tayyib, da tsofaffin kwamfutoci biyu, ɗaya ma sai an tokare ta da bulo. Ba mai biyan kowa. Gayya ce, in ji shi, fartanya ce kawai babu.

Da kaka ta wuce suka ɗauki aikin taswira, don ƙauyukansu da yawa ba sa fitowa a waya. Kowa ya hau babur ya bi hanya wayarsa na zana ta, ya dawo a ɗora a taswirar da duk duniya ke gani.

Shi Sharhabilu yankin Wagini ne ya faɗo masa. Can wani dattijo makiyayi, Hamma, ya hau bayan babur ɗinsa yana nuna masa rijiyoyi da burtali, har da wata hanya ta bayan dutse da yake kora shanunsa duk ranar da aka ji ɓarayin daji sun kusato.

Suna shan fura Hamma ya ce, "Malam, zanen nan wa za ya gan shi?"

"Kowa, Baffa. Amfaninsa ke nan."

"Kowa hwa?" Hamma ya ajiye ludayi. "Su ma suna da waya."

Sharhabilu ya gane ɓarayin daji yake nufi. Shekara uku yana wa'azin kada a ɓoye komai, bai taɓa tunanin wa ke kallo ba.

Ranar Asabar ya kawo maganar. Mahfuza, ungozoma ce a ƙungiyar, ta ce hanyar nan za ta rage wa motar asibiti rabin awa in ana naƙuda a rugagen can. Gaskiya ta faɗa, ya sani. Ya daɗe yana duban layin hanyar a kan taswira, sannan ya goge shi.

Shanun Hamma suna nan. Motar asibiti kuwa har yau zagaye take yi, kuma duk lokacin da ta wuce, Sharhabilu ya san wanda ya tsawaita mata hanya.